Kalmar da Kika Hana Mu Faɗa a Bakin Kogi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uwa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Ɗanki Sale ne, daga Guangzhou ta ƙasar Sin, inda nake zuwa sarin kaya. Shekara uku ke nan da rasuwarki, amma maganar nan ke kaɗai zan iya gaya wa.

Ke kika ba mu asalin sunan garinmu, Ruwan Babu. Wai wani mai fito ne ya yi nutso sau uku yana neman ɗansa, duk ɗagowa sai ya ce babu. Shi ya sa kika hana mu furta kalmar a bakin kogi. Kina cewa, "Ruwa yana da kunne."

'Yan kasuwar Shahe ta nan Guangzhou kuwa, da kin ji su da kin toshe naki kunnen. Babunsu "meyo" ce, kuma bakinsu ba ya gajiya da ita.

Ranar Talata na bi Issufu, ɗalibin Damagaram da ke mana tafinta, zuwa wata masaƙa a bayan gari. Sai an haye kogi. Rana tsaka ce, amma ruwan ya yi tsit. Na nuna wa tsohuwar da ke tuƙa mu a kwalekwale ƙauyen tsallake, ina neman sunansa. Ta ce meyo. Har na yi dariya, na ce ashe su ma suna da garin Babu.

Sai na hango mutum tsaye a ruwa iya gwiwa, kafaɗar hagu a karkace. Tsayuwar Yaya Habu ce, Inna. Na nuna mata shi. Ta duba, ta ce meyo. Issufu ya ce, "Alhaji, ba sunan gari take faɗa ba. Cewa take ba kowa a wurin."

Tun ranar da Yaya ya ɓace a kogi har kika koma ga Allah kina ajiye masa tuwonsa. Ban taɓa gaya miki ba, ni na fara ganin kwalekwalensa ya dawo wayam. Ƙafata na cikin ruwa na ce babu shi, tun masu nutso ba su shiga ba.

Na san rai a hannun Allah yake, amma tsoro nake ji. Ki yafe mini, Innata.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Yaya yana wajenki, ba a ruwan mutane ba. Gobe zan sake hayewa, kayana suna can. Ba zan buɗe baki ba sai na taka tudu.

Ɗanki mai kewarki,
Sale