Ƙyallen Yaya Habu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Dije.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, daga ɗakinki na Azare, inda har yau na kasa naɗe tabarmarki. Allah ya sa kina cikin rahama. Na san babu mai kai miki wannan takarda, amma maganar ta cika min ciki, kuma a gidan nan yanzu ban san wanda zan yarda da shi ba.

Maganar bargonki ce, na ƙyallayen nan da kika yi shekaru kina haɗawa.

Kin tuna zamanki a bakin ƙofa bayan azahar, faifai cike da ƙyallaye, allura a soke a ɗankwalinki? Babu wanda tufarsa ta tsira. Gefen zanen goyona yana ciki, da hannun tsohuwar rigar Baba, har da shuɗin zanen Bafulatanar da ke kawo mana nono daga Bulkachuwa. Ki jera su kan tsohon gwado, ki sa auduga a tsakani, ki bi da ɗinki ƙanana-ƙanana. Maƙwabta suna miki tsiya, wai ko ɓera bai kai ki ɓarnar tsumma ba. Ke dai sai ki yi dariya ki ciji zare.

Amma kina da doka ɗaya. Kin sha faɗa min, "Ni ba na lulluɓa da kayan wanda ya riga mu, nasa sadaka ne." Da Baba ya rasu, ana share makoki kika warware ƙyallensa, kika haɗa da rigunansa aka bayar. Haka kika yi da na Goggo. Ban taɓa ganin kin saɓa ba.

To, Inna, yanzu ke ce kika tafi. Jiya na ɗauko bargon don in cire naki kamar yadda kika koya min. Ina shimfiɗa shi a rana sai na ga ƙyallen Yaya Habu yana nan daram a kusurwa, wannan mai ratsin saƙi, na rigar da ya bari ranar da ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa.

Yaya Habun da aka ce mana ya mutu tun daminar bara waccan.

Ƙaninki Kawu Sale ne ya zo da labarin daga Katagum, ya ce wani alhaji da ya dawo daga gabas ya shaida masa zazzaɓi ya kashe shi a hanya. Wane alhaji? Ɗan wane gari? Babu wanda ya gan shi, babu wanda ya tambaya. Aka zauna makoki, ke kuwa ko hawaye ba ki yi ba. Mata suka yi ta yabon ki, wai ga mai kunyar ɗan fari. Ai gaskiya ne, tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinki ba, sai dai ki ce "yaron nan". Ni ma haka na ɗauka.

Da farko na ce mantuwa ce. Sai na duba ɗinkin. Inna, zaren sabo ne. Shuɗin zaren nan ne da na sayo miki a kasuwa bana, kina kwance, idonki ma ba ya gani sosai. Ɗinkin ya karkace, ba irin naki na da ba. Ashe ba barin sa kawai kika yi ba, sake ɗinke shi kika yi da hannunki.

Tun jiya nake tuno abubuwan da na wuce su ido a rufe. Babarbariyar nan mai tallan turare da ta zo daga Yarwa, wadda kika ja ta ɗaki kika aike ni ɗebo ruwa alhali randa a cike take, me ta faɗa miki? Me ya sa daga ranar, in Kawu ya gaishe ki, sai ki amsa kina kallon allura? Me ya sa ko sauro ya dame ki ba ki yarda a juya bargon, sai kusurwar nan tana wajen ƙirjinki?

Ga abin da ke gabana. Kawu yana ta matsa min mu je gaban alƙali a raba fadamarki ta Katagum, ni in shaida ba ki bar ɗa namiji ba. Malamin unguwarmu ya yi min bayani: in Yaya ya mutu, ni da Kawu za mu raba. In yana raye, Kawu ba shi da ko taku ɗaya, ni ma rabona ya ragu. Ban ce ƙaninki ya yi ƙarya ba. Amma mutumin da tun ba a share makokinki ba ya aika a gyara shingen fadama, dole in dube shi da kyau.

Na yi fushi da ke, Inna, ba zan ɓoye miki ba. In kin sani, me ya hana ki faɗa min? Sai daga baya na gane. Yaya za ki tsaya gaban mutane ki ƙaryata ƙaninki a kan ɗan fari, ɗan da ko sunansa ba ki iya kira? Da an ce Dije ta zubar da kunya da tsufanta. Bakinki ya kasa, sai kika bar wa allura.

Mai yiwuwa kuma ba ki san komai ba, zuciyar uwa ce kawai ta ƙi yarda. Wannan ma na auna shi, ya hana ni cin tuwo. Ko ma wanne ne, ba zan buɗe baki gaban alƙali in kashe wanda ke ba ki kashe ba. Na ce wa Kawu fadama ta jira. Na kuma roƙi Malam duk ayarin da zai yi gabas a ba su sunan Yaya da kamanninsa, har da tabon ƙuna na wuyan hannunsa.

Naki ƙyallen na cire, Innata. Ina warwarewa ina kuka, don har yanzu yana ƙamshin man shanun da kike shafawa. Na bayar tare da zannuwanki. Nasa kuwa na bi ɗinkinki inda ya karkace, na ƙara masa zare.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya yafe mana zaton da ba daidai ba. In Yaya Habu yana raye, Allah ya juyo da ƙafarsa gida, ya zo ya lulluɓa da abin da kika ajiye masa. Amin.

'Yarki da ta gaji faifanki,
Altine