Mai rawanin aro

Yaya Jimrau,

Ina gaishe ka, da Inna da Mariama da yara. Yaya dabbobi suka fita rani?

Ranar Litinin aka sauke abokin hirata daga bango. A gidan tarihin da nake gadi a nan Holand akwai tsohon zanen wani attajiri da ya sha rawani da alkyabba. Na karanta bayaninsa: bai taɓa zuwa Gabas ba, aron kayan ya yi. Naɗin ma bai iya ba, babu amawali, baki a waje, abin da Baba ba zai shiga kasuwar Dakoro da shi ba. Duk da haka shi nake fara gaisarwa kowace safiya, da Hausa. Shi ya ari rawani don a kalle shi, ni kuwa na ajiye nawa don a daina kallona.

Kada Inna ta damu, ina ci ina sha. Magana ce kawai ta yi ƙaranci. Ku aiko mini da saƙon murya ranar kasuwa, ko da hayaniya ce. Allah ya bar mu tare.

Masu gidan tarihin sun ce gyara za a yi wa zanen, a maido shi a lokacin kaka. Ba su tabbatar ba tukuna.

Ƙanenka,
Yazidu