Na Manta da Yashin Hanyar Gangara

Safina, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa ga wanda ya kwaso rana, ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari!

Damina biyu ke nan rabona da Agiye. Ta uku na san tana can tana haɗa muku hadari, ni ko ina nan Tamanrasat, inda sama ba ta san wanga aiki ba. Na gaji, Safina. Kafaɗuna sun gaji, tafin hannuna ya zama kamar fatar guga, zuciyata kuma ta ƙi zama wuri guda tun ranar da saƙon muryarki ya shigo. Na saurare shi har na haddace inda kike jan numfashi. Kika ce: "Shu'aibu, in abin yana ƙona maka rai, faɗa mini, in bar zuwa tablo." Ban amsa ba, don na san in na buɗe baki kishi ne zai riga ni magana. Shi ya sa na samu takarda nike rubutawa da hannu, in ɗauki hotonta in turo miki in rezon waya ya yarda.

Kin tuna tablon nan namu? Bangon bayan makarantarmu ta lise da muka shafa wa baƙin fenti, ƙarƙashin iccen bedi, mu biyar bayan la'asar, kowa da guntun alli a aljihu. Kin tuna dokarmu, ba mai taɓa alli sai an kawo tambaya gida? Duk abin da littafin fizik ya faɗa da Faransanci, sai an maida shi abin da muka sani tukuna. Abu mai gangarowa ya zama amalanken gero, abu mai faɗuwa ya zama guga a rijiya. In aka ce "a kan kwalta", ba abin da ke riƙe taya. In aka ce "hanyar Gangara", to akwai yashi, sai ka cire ƙarfin da yake ci. Ni na kafa dokar nan, Safina. Ni!

Ranar da kika fara fahimtar amalanken nan, wallahi ina ganinta yanzu kamar a tafin hannuna. Kin yi tsaye kina cizon bakin bironki na bik, farin alli a gefen hijabinki, kika dube ni kika ce: "To, malam Shu'aibu, jakin kilo nawa ne? Ko shi ba ya da nauyi don ɗan'uwanka ne?" Aka kwashe da dariya, har da ni. Na zana miki kibiyoyi uku, sai na ga idonki ya buɗe kamar furen kabewa da hantsi. Kika ƙwace allin hannuna kika ƙarasa da kanki. Wace tauraruwa ce ta taɓa yin hasken da fuskarki ta yi a yammacin nan? Wane zuma ne ya kai daɗin "na gane!" ɗin da kika faɗa? Tun ranar ban sake mallakar zuciyata ba, kuma ban nemi a maido mini ita ba.

Sai jarrabawar bak ta zo ta kayar da mu, ni da ke. Mansur, ƙaraminmu a tablon, ya ci, ya wuce jami'a Maraɗi. Ke kika koma aji, ni na hau motar arewa, don rumbunmu ba ya jiran wanda zai maimaita shekara. Ba na zagin kowa. Amma akwai ɗaci, ba zan ɓoye miki ba, mutum ya koya wa abokai hanya, su wuce, shi ya ƙare yana dama siminti.

Duk da haka ban bar ku ba. Kuna turo tambayoyi a gurup ɗinmu na waya, ni ko lokacin hutun azahar in yago takardar buhun siminti, in tsuguna a inuwar bango in warware, in ɗauki hoto. Abokan aikina suna ce mini "furofesan kankare". Su yi ta faɗi! Wannan ne kawai lokacin da nike jin ni ɗan lakol ne, ɗan makaranta, kuma naki ne.

Sai ga tambayar nan taki. Da muryarki kika kawo ta gida: amalanke da buhu goma, yana gangarowa a hanyar Gangara, da wane gudu zai iso ƙasa? Na yi sauri don kada wani ya riga ni, na turo amsa ina alfahari. Mansur ya saki murya a gaban kowa, yana dariya: "Babban yaya, amalankenka tashi yake kamar jirgi! An ce maka hanyar Gangara, kai ka shimfiɗa mata kwalta. Ko ka manta da yashin gida?"

Safina, ni da nike ɗaukar yashi a ka tun safe har yamma, ni da nike tauna shi cikin burodi, nike kakkaɓe shi daga kunnena, ni ne na manta da yashi!

Na so a ce ƙarya yake. Na sake lissafin a takarda, na sake shi a ƙasa da ƙusa, ina neman inda ya zame ko da taƙi guda, in kama shi in nuna wa duniya. Ban samu ba. Yaron nan gaskiya gare shi. Na koma na saurari sauran bayanansa, na lantarki da na hasken madubi, ina ji ina cizon leɓe, kuma dole in faɗa: ya fi ni iya bayani yanzu. Kaina ya yi tsatsa, nashi kullum ana wasa shi. Ni amsata takan kwana a hanya tana jiran rezo, shi ko duk Asabar yana hawa moto ya zo ya tsaya gaban tablon da hannuna ya shafa wa fenti, ya miƙa miki alli.

Kina tsammani ba na ganin wannan in na rufe ido? Ina gani! Ina ganin inuwar bedi tana sauka a kafaɗarki, ina jin ki kina cewa "na gane" ga wani kunne da ba nawa ba, sai ƙirjina ya yi kamar an zuba garwashi a ƙwarya. In tashi, in zauna, in fita, in dawo. Ya Allah, wane irin so ne wanga, da ke hana mutum zama kuma ya hana shi gudu?

Amma kin faɗa mini abin da Babanki ya ce: bana ce ta ƙarshe, in ba a ci ba an gama lakol. To ni wane ne da zan sa ki ajiye alli saura 'yan makonni? In raba ki da mai koya miki daidai, don in ji sanyi a raina, ki shiga ɗakin jarrabawa da amalanke mai tashi sama? Wallahi da in zama sanadin faɗuwarki, gara kishin nan ya cinye ni ɗanye.

Ga amsata, hasken raina: kada ki bar tablo. Ki je Asabar, ki je Lahadi in sun ce a zo. Ki tambayi Mansur har ya gaji, ki hana shi hawa moto sai kin gane. Ki gaishe shi, ki ce babban yaya ya karɓi gyara. Kada ki ce na yi murna, don ban yi ba.

Abu guda nike roƙo, kamar yadda busasshiyar gona ke roƙon yayyafi. Duk mako ki turo mini tambaya ɗaya, ni kaɗai, ba a gurup ba, ko da kun riga kun warware ta. Ki kawo mini ita gida da muryarki. In na yi kuskure, ke ki gyara ni.

Ni Shu'aibu naki ne, ki ci ko ki faɗi, ki wuce Maraɗi ko Yamai, ki zama duk abin da Allah ya rubuta miki. Ban dubi wata ba, ba ni kuma da idon duban wata har a rufe ni da ƙasa. Ranar da za a kira sunayen waɗanda suka ci, ina so in kasance tsaye a filin lise in ji naki da kunnena.

Ga abin da na tara, don kada wani ya ƙara miki ko ya rage: tumaki uku a hannun yayana Jaye, ɗaya da ciki. Turmin atamfa biyu. Da kuɗin mota daga nan zuwa Agiye, na zuwa kawai, ban da na komawa.