Shaidar Malam Bukar ta zo a makare

Alhamis da dare, watan Rajab, Haɗeja

Na dawo daga Kano da takardar ɗaukaka ƙarar Yaya Umaru a aljihuna, alƙali ko ganin ta bai yi ba.

Shekara huɗu ke nan Yaya yana gidan yari kan kisan wani makiyayi a fadamar Kirikasamma. Lokacin da aka yanke hukunci ruwa ya cinye hanya, muka ɗaukaka ƙara bayan wa'adi ya wuce, aka kore ta. Yanzu ga Malam Bukar masunci ya fito, ya ce ranar kisan tare suka wuni da Yaya a kwalekwale, tsoro ne ya hana shi magana. Da shi na tafi.

Magatakardan kotun har kujera ya ba mu. Ya ce, "Malam, kun taɓa kawowa an kora. Ba a shigar da ita sau biyu."

Malam Bukar ya ce, "Ranka ya daɗe, a saurare ni kawai, zan rantse."

Magatakardan ya ce, "Baba, na yarda da kai, amma doka ta rufe maganar."

A mota, da muka iso wajen garin Malam Madori, tsohon ya kama hannuna yana kuka, wai in roƙa masa gafarar Yaya.

Inna ta tare ni tun a zaure. Na ce mata sun karɓa, suna dubawa. Ta yi ta godiya ga Allah, har ta cinye tuwonta. Allah ya yafe mini, ni kam na kasa ci.