Na'urar da Baba Mai Unguwa Ya Wanke

Daren Laraba, tsakiyar damina, Tambuwal

Yau kaina ya ɗaure. Sati uku ke nan da munka saka na'urar nan cikin kwatar bayan kasuwa, wadda in ruwa ya taru ya taɓa ta sai ta turo saƙo ga wayata. Jiya anka sheƙa ruwa, waya shiru. Har daɗi na ji, a zatona kwata ba ta cika ba.

Da safe sai ga Inna Hajo ta bayan kasuwa ofishinmu na duba-gari, zane jiƙe har gwiwa. Leda ta toshe kwata, ruwa ya shiga ɗakinta ya jiƙa geron da take ci da marayu.

Na hau mashin na je. Babu na'ura cikin kwata. Tana zauren Baba Mai Unguwa, rataye ga ƙusa, an wanke ta tas.

Ya ce, "Ɗana, kai da bakinka ka ce amana ce, in kula da ita. Kayan gwamnati mai tsada, in bar shi cikin ƙazanta?"

Wallahi na faɗi haka. Ban dai gaya mai zaman ƙazantar shi ne aikinta ba. Har godiya na yi mai, ban san dalili ba.

Oga na son rahoto gobe, da sunan mai laifi. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, inda take babu ruwa. Baba ya riƙe amana. Tun ɗazu nika juya biro, sunan da ke zo min guda ne, kuma nawa ne.