Wanzami ne ni, kuma askar hannuna nake tsoro

Malam Abdul'aziz, don girman Allah ka ba ni shawara kafin Alhamis. Ni wanzami ne a Birni, gado na yi wajen mahaifina, shekara ashirin da shida ina rataye da zabira. Wata huɗu da suka wuce ina yi wa wani dattijo gyaran gemu, aska tana daidai maƙogwaronsa, haka kawai gabana ya yanke ya faɗi. Zuciya ta hau bugawa, zufa ta karyo mini, numfashi ya ƙi shiga. Wallahi na ɗauka ajali ne. Na ce masa fitsari ya matse ni, na zagaya na zauna a ƙasa ina kalimar shahada.

Tun daga ranar abin yake dawowa, ba sallama. Na ce mugun jini ne, na sa Yakuba, abokin sana'ata, ya yi mini ƙaho har sau uku. Na sha rubutu, na yi hayaƙi. Da na gaji na hau kabu-kabu a ɓoye na tafi asibiti ganin lokotoro, ni da mutane ke zuwa wurina neman magani. Aka auna tansiyo ko hawan jini ne, aka duba zuciya da jini, aka ce duk lafiya. Lokotoro ya daɗe yana yi mini tambayoyi, sannan ya ce ciwon fargaba ne, kuma yana da magani. Ya rubuta ƙwaya iri biyu: wata fara da zan sha kullum da safe na tsawon watanni, da wata ƴar mitsitsiya, rabi kawai in abin ya tsananta, kar ta wuce sati biyu.

Farar na sha kwana biyar, ba abin da na gani sai tashin zuciya, tsoron ma ƙaruwa ya yi, na jefa ta cikin zabira. Ƙaramar kuwa ba ta ɓata lokaci, da na haɗiye jikina yake sakewa. Sai na koma shan ta kafin kowane aiki. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ta zama biyu. Satin jiya gyangyaɗi ya fizge ni na yanki kunnen Malam Illa ina cikin yi masa aski. Shi dariya ya yi, ni na tattara zabira na koma gida.

Ga inda na fi tsoro. Zuliha, ɗiyar yayana Hamisu, ta haihu a garin Gouna bayan shekara tara tana jira. Ni na yi mata askin suna tana jaririya, kuma ni kowa ke jira in yi wa ɗanta ranar Alhamis. In ban sha ƙwayar ba hannuna rawa zai yi, in na sha idona rufewa zai yi. Da na tuna maɗigar yaron tana motsi ƙarƙashin aska sai in ture zabira gefe. In na ƙi zuwa, me zan ce wa Hamisu? Ina tunanin in sha uku in daure. Malam, hauka ne ya kama ni?

Wanzami daga Birni

*

Ɗan'uwana, ba hauka ba ne. Mutumin da ke tsoron kar ya cuci jariri, hankalinsa yana nan daram. Ciwon fargaba ciwo ne kamar tansiyo, kuma ana samun sauƙinsa.

Amma ka juya maganin baibai. Irin farar nan ba ta aiki ranar da aka sha ta, takan ɗauki makonni, kuma a kwanakin farko wasu sukan ji abin ya ƙaru kafin ya lafa. Ba na ganin laifinka da ka tsorata, laifinka ɗaya: ba ka koma ka faɗa ba. Ƙaramar da ka amince wa ita ce abar tsoro, don jiki yana sabawa da ita, ka kuma ga abin da ta yi wa kunnen Malam Illa. Kar ka ƙara, kar kuma ka yanke ta rana ɗaya da kanka, wannan ma da haɗarinsa. Ni ba lokotoro ba ne. Gobe da safe ka kwashi kwalayen biyu ka kai wa wanda ya rubuta, ka faɗi adadin da kake sha ba ragi, ka faɗa masa da aska kake aiki. Shi zai san yadda za a janye ƙaramar a hankali, ya rage farar ko ya sauya ta. Addu'a da rubutu ka ci gaba da abinka, ba sa faɗa da magani.

Batun Alhamis ba na kwana-kwana: kar aska ta shiga hannunka, ko a Gouna ko a Birni, sai lokotoro ya yarje. Na san da ciwo a ga wani yana aske kan jikanka kana zaune, kuma ba za a rasa masu ƙus-ƙus ba. Ƙus-ƙus kwana biyu ne. Ka kira Hamisu yau ka gaya masa gaskiya, yayanka ne. Ka tafi da Yakuba, ka ba shi askarka ta gado, kai kuma ka zauna ka riƙe masa kan yaron a tafin hannunka. Shekara tara Zuliha ta jira wannan ɗa, ka mayar mata da shi ba ko ƙwarzane.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya yaron, ya nuna mana ranar da za ka yi masa aski na biyu da hannunka.

Abdul'aziz