Kaye Uku a Ƙarƙashin Sabulu

Rillieux, 4 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Husainatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya Damagaram da aikin kaka? Mu nan sanyi ya fara shigowa, amma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Za ki yi mamaki na rubuto takarda ga waya a hannu. Maganar ba ta waya ba ce. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san sai da na wuce arba'in na fara riƙe bik, wato biro.

Hajiya Mariam, mai sayen kaya a unguwar Barbès ta Paris tana kaiwa gida, ta zo bikin suna nan Lyon, na ba ta ƙunshi ta kawo miki. A sama sabulu ne da turmin atamfa. A ƙasa akwai kaye uku, wato littattafan rubutu, da ambulan. Ki sa su can gindin akwati, kada ki nuna wa kowa. Hajiya ma sabulu kawai ta sani.

Na ɗanki ne, wanda na fara haifa, mai karatun digirin dakta na tarihi a Paris. Shekara biyar yana rubuta littafi a kan yadda Amurka ta fara fita cin ƙasashen mutane. Da, in yana ba ni labari har daɗi nake ji. Wai a 1898 suka yi yaƙi da Espanya, suka karɓe tsibirai, har da ƙasar Filipin. Wai taimako suka ce sun zo yi, sai suka shimfiɗa tabarma suka zauna. Na ɗauke shi kamar labarin da kaka ke ba mu na zuwan Nasara garinmu, abin da ya wuce.

Ɗakinsa na Belleville ya yi yoyo, sai ya kawo takardunsa ajiya wurina. Ina shara ambulan ta faɗi. Husainatu, hoto ne. Sojoji tsaye sun riƙe ƙugu, a ƙarƙashinsu rami cike da gawa, har da mata. A ƙasa na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: Jolo, 1906, Musulmi. Cikin kayen kuma taswirar tashoshin jiragen ruwa ce, da sunayen jiragen yaƙi, da yawan bindigogi.

Bara ƴan sanda suka zo wa Ilyes, ɗan maƙwabciyata Amal. Suka kwashe littattafansa a buhu. Kwana biyu suka sako shi, ba a samu kome ba, amma wurin aiki ba su sake kiransa ba, uwarsa kuma har yau in an buga ƙofa ba ta buɗewa sai ta leƙa. To ki duba nawa: baƙin yaro, Musulmi, mai gemu, da hoton Musulmin da sojan Amurka suka kashe. Wa zai tsaya ya duba shekarar?

Na so in ƙone su, amma a bene na takwas ina zan hura wuta? Ƙararrawar hayaƙi kaɗai ta isa ta tara mini unguwa.

Ki gaida Inna, kada ki gaya mata. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki,
Salamatu

Barbès, 11 ga Oktoba

Ƙanwata Husainatu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Takardu biyu za ki samu tare da sabulun, amma ba kaye. Ki fara karanta waccan.

Shekaranjiya ɗanki ya zo ɗaukar kayansa. Ashe ran ashirin ga wata zai miƙa littafin, kuma malaminsa ya ce ba ƙarin lokaci. Ashe kowace magana da ya rubuta sai ya nuna lambar akwati da shafin da ya samo ta a gidan tsofaffin takardu, inda ya yi shekara biyu yana kwafe wasiƙun jakadu da hannu. Lambobin nan ba su ko'ina sai cikin kaye ukun.

Ya birkita gidan. Ya ɗaga katifa, ya leƙa har cikin buhun shinkafa. Ya tambaye ni, na ce ban gani ba. Ban rantse ba, amma saura kaɗan. Sai ya zauna a ƙasan kicin ya riƙe kai, ya yanke cewa a jirgin ƙasa ya manta da su, yana ta zagin kansa. Tuwon da na tuƙa bai taɓa ba. Da zai tafi ya mayar da kome wurinsa, ya durƙusa ya ba ni haƙuri wai ya hargitsa mini gida. Wannan haƙurin ne ya hana ni sukuni.

Sai wani tsoron ya zo a kan na farko. Yau Hajiya Mariam za ta tashi. In aka buɗe walizarta, akwatin tafiyarta, a filin jirgi fa? Na ɗauki abin da nake gudu na ɗora wa baiwar Allah ba da saninta ba.

Tun rasuwar maigidana Malam Illiassou ban taɓa shiga jirgin ƙasa ni kaɗai ba. Yau na shiga. A Paris na bi allunan metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da yatsa, ina haɗa baƙi kamar a aji, mutane na ture ni. Sau biyu na bi hanyar da ba ita ba. Na samu Hajiya an riga an naɗe walizar da leda an auna. Na sa ta yanke. Da ta ga hoton ta yi salati, sannan ta wanke ni tas, ta ce shekara ashirin tana ɗaukar saƙon mutane ba wanda ya taɓa ɓoye mata gawa a cikin sabulu. Gaskiyarta. Bayan haka ta dafa mini shayi.

Yanzu kayen suna cikin jakata, a kan cinyata. Ɗazu a tasha sojoji huɗu suka wuce ta gabana da bindigogi, na ji kamar jakar tana magana. Saura hanya mafi wuya, tasha biyar zuwa Belleville.

Ki gaida kowa.

Yayarki,
Salamatu

Belleville, 11 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana Sufyan,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, ka kuma ci wani abu. Kada ka yi mamakin ganin sunanka. Bakina bai taɓa kama shi ba, kunyar ɗan fari, amma yau hannuna ya rubuta don ka san da kai nake, ba kewaye.

Ga kayenka uku da ambulan, na bar su wurin matar da ke tsaron ƙofar gidanku. Ba a jirgi ka manta da su ba. Ni na ɗauke, na so in aika da su Damagaram, na kuma dube ka na ce ban gani ba. In ka ji suna ƙanshin sabulu, dalilin ke nan.

Tsoro nake ji, kuma ba zan yi maka ƙarya ta biyu ba, har yanzu ina ji. Ina jin tsoron wanda zai buɗe littafinka ya ga gemunka kafin ya ga shekarar. Ubanka ba ya nan, in aka zo maka ban san ƙofar da zan buga ba.

A metro na sake fitar da hoton, na rufe shi da gyale ina leƙe. Sai na juya bayansa, abin da ban yi ba a gida. Na ga rubutunka da Hausa, ƙanana, da fensir: an so a manta da su. Na karanta sau uku. Akwai wata mata a bakin ramin, ba ta kai shekaruna ba. Fiye da shekara ɗari tana nan kwance, ka je ka nemo ta, ni kuma na sa ta ƙarƙashin sabulu. Ka mayar da ita wurinta, ka sa mata lambarta.

Kwana tara ya rage maka. Kada ka ɓata ko ɗaya a kaina.

Ina zaune a benci kusa da bakin metro, gaban mai sayar da burodi, da gyalena mai ruwan ƙasa. Jirgina ƙarfe biyar ne. In ba ka iya kallona yau, kada ka sauko, na san hanya yanzu. In kuma ka sauko, kada ka durƙusa mini. Yau ni ce mai durƙusawa.

Allah Ya tsare ka, Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Salamatu